Louis Rees-Zammit: walƙiyar ƙasar Wels da ta gilma Amurka ta komo gida

Ran Talata 16 ga watan Janairu na shekara ta 2024, ƴan jarida sun taru kusa da birnin Kadif suna jiran Warren Gatland, mai horar da ƴan wasan zari-ruga na ƙasar Wels, ya bayyana sunayen waɗanda za su kare tutar ƙasar a gasar Ƙasashe Shidda. Ba wanda ya yi shakkar cewa sunan Louis Rees-Zammit yana cikin takardar. Yaron bai cika shekara 23 ba, ya riga ya buga wa ƙasarsa wasa 32, ya ci mata sau 14, kuma duk Turai da wuya a sami wanda ya fi shi gudu a filin zari-ruga. To amma kafin a karanta sunayen sai ga wata sanarwa daga ƙungiyarsa ta Gloucester, cewa ta sallame shi nan take bisa roƙonsa, domin zai tafi Amurka ya koyi wani wasa dabam, wato ƙwallon Amurkawa, wanda bai taɓa bugawa a gasa ba. Gatland da kansa ya shaida wa ƴan jarida cewa bai ji labarin ba sai ana gab da taron.

Wata goma sha takwas bayan wannan rana yaron ya tattara kayansa ya komo. Abin da ya faru kafin tafiyar, da abin da ya tarar da ya dawo, labari ne na mutum guda, amma kuma a cikinsa ana iya ganin halin da wata ƙaramar ƙasa ta shiga game da wasan da take ɗauka tamkar gadon gidanta.

Ƙasar da wasanta

Wels, wadda masu jin Faransanci suka sani da Pays de Galles, tana yammacin Ingila, cikin tarayyar Birtaniya. Mutanenta sun ɗan haura miliyon 3, suna da harshensu na kansu wanda ba ya kama da Ingilishi, kuma a fagen wasa suna da tutarsu da ƙungiyarsu dabam da ta Ingila. An kafa hukumar zari-ruga ta ƙasar a shekara ta 1881. A Ingila an daɗe ana kallon wannan wasa a matsayin na ƴaƴan masu hali, amma a kudancin Wels wasan masu haƙar gawayi ne da ma'aikatan masana'antun ƙarfe, shi ya sa ya shiga jinin talakawa. Ran da ƙungiyar ƙasa take wasa a babban filin Kadif, mai ɗaukar mutum wajen 74.000, gari kan cika tun da hantsi.

Ga mai karatun da bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kowane gefe ƴan wasa 15 ne, ana minti 80 ana fafatawa da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ana gudu da shi a hannu, ana iya buga shi gaba da ƙafa, amma da hannu ba a jefa shi sai baya. Ci mafi daraja shi ne mutum ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya dangwala shi a ƙasa, abin da Faransawa ke kira essai, kuma maki 5 ke gare shi. Bugun da ke bin sa maki 2 ne, bugun laifi kuwa maki 3. Ƙarfafa takwas ne ke kokawar ƙwato ƙwallo a gaba, sauran bakwai su yi gudu da shi. Daga cikin bakwai ɗin nan akwai biyu da ke tsayawa can bakin fili, dama da hagu, waɗanda aikinsu shi ne su ƙarasa abin da ƴan'uwansu suka faro. Wani lokaci ɗan gefe kan yi minti ashirin ƙwallo bai zo hannunsa ba, sa'an nan a cikin daƙiƙa biyar a yanke masa hukunci, ko yabo ko zagi. Nan ne gurbin Rees-Zammit.

Daga Penarth zuwa Gloucester

An haife shi ran 2 ga watan Fabrairu na 1 ga ƙarnin nan, wato shekara ta 2001, a Penarth, wani gari na bakin teku da ke daf da Kadif. Sunansa biyu ne aka haɗa: Rees suna ne na mutanen Wels, Zammit kuwa na tsibirin Malta ne, inda kakansa na wajen uba ya fito. Mahaifinsa ya buga ƙwallon Amurkawa a Birtaniya lokacin ƙuruciyarsa, saboda haka yaron ya tashi a gidan da ake kallon wannan wasa a talabijin. A riƙe wannan, domin zai dawo a gaba.

Ya yi karatu a wata lakkwal ta unguwar Llandaff cikin Kadif, ya fara wasa a ƙananan ƙungiyoyin garin. Yana shekara 16 ya ƙetare iyaka zuwa Ingila, ya shiga kolejin Hartpury, wadda ta yi suna wajen renon ƴan wasa, daga can kuma ƙungiyar Gloucester ta ɗauke shi cikin matasanta. Ba shi ne na fari ba, ba kuwa shi ne na ƙarshe ba: makarantun Ingila da ke kusa da iyaka sun daɗe suna jan yaran Wels da alkawarin karatu da horo a wuri guda.

A watan Afrilu na 2019 aka saka shi karon farko a babbar gasar Ingila, a wasa da Bath, ya zama mafi ƙanƙantar shekaru da ya taɓa buga wa Gloucester a wannan gasa. Watan Disamba na shekarar ne ya fito da shi fili. Ya ci Worcester sau biyu, sa'an nan ya ci Northampton sau uku a wasa guda, ko da yake ƙungiyarsa ce aka doke da 33 da 26. Aka zaɓe shi gwanin wata a duk gasar, yana shekara 18. Ƴan kallo suka laƙaba masa wani suna mai ma'anar walƙiya, kuma sunan ya bi shi.

A watan Janairu na 2020 ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na manya da Gloucester. Wannan sa hannu ya zo kan gaɓa. Tun 2017 hukumar Wels ta kafa doka cewa duk ɗan wasan da ke aiki a ƙasar waje ba zai sa rigar ƙasa ba sai ya riga ya buga mata wasa 60, domin a tsare gwanaye a gida. Amma dokar ta bar ƙofa ga wanda ya ƙulla kwantiraginsa tun ba a taɓa kiran sa ƙungiyar ƙasa ba. Ta wannan ƙofa ya bi. A watan nan ne Wayne Pivac, sabon mai horo, ya kira shi sansani, sai dai bai saka shi wasa ba, daga nan kuma annobar korona ta tsai da kome.

Sai ran 24 ga watan Oktoba na 2020 ya sa jar rigar Wels karon farko, ya shigo daga benci a birnin Paris, inda Faransa ta yi nasara da 38 da 21. Cinsa na farko ya zo bayan wata guda, a wasa da Jojiya a garin Llanelli.

Makonni bakwai na 2021

Wanda duk yake son ya gane dalilin da ya sa mutanen Wels suka ɗora wa yaron nan buri mai nauyi haka, sai ya koma gasar Ƙasashe Shidda ta 2021. An yi ta a filayen da ba kowa saboda annoba, kuma Wels ta shigo ta ba wanda ke ba ta ko kwabo, domin shekarar da ta gabata ta sha kaye iri-iri.

A wasan farko, ran 7 ga watan Fabrairu, an kori ɗan wasan Ailan guda tun da wuri, amma duk da haka Ailan ta matsa. Rees-Zammit ne ya yi tsalle a kusurwa, jikinsa a sama bayan layin gefe, hannunsa ya dangwala ƙwallo a ciki. Wels ta tsira da 21 da 16. Kwana shidda bayan nan aka je Edimbura. Kafin a ankara ƙasar Iskotilan tana gaba da 17 da 3. Shi ya rage tazarar gab da hutun rabin lokaci, shi ya miƙa wa Liam Williams ƙwallon da ya ci bayan an dawo, sa'an nan, da saura minti goma Wels tana baya, aka ba shi ƙwallo a gefen dama. Ya ɗaga kai, ya cilla ƙwallon da ƙafa ya tsallake masu tsaro, ya bi shi da gudu. Stuart Hogg, kyaftin ɗin Iskotilan, wanda shi kansa ba a raina shi a gudu, ya juya ya bi, amma kamar an ɗaure masa ƙafa. Aka tashi 25 da 24. Yaron ya cika shekara 20 ke nan da kwana goma sha ɗaya.

Wasan Ingila, ran 27 ga watan, ya bar abin dariya da har yau ake tunawa. Ƙwallo ya kuɓuce daga hannun Rees-Zammit ya bugi ƙafarsa, Liam Williams ya ɗauka ya ci. Kowa, har da yaron, ya zaci za a soke cin, tun da dokar wasa ta hana ƙwallo ya faɗi gaba daga hannu. Alƙalin wasa, Bafaranshe Pascal Gaüzère, ya duba hoto ya ce ci ya tabbata. Kyamara ta kama fuskar yaron yana zare ido cikin mamaki, irin na wanda ya tsinci dami a kala. Wels ta lallasa Ingila da 40 da 24. Ta wuce Roma ta ci Italiya 48 da 7, inda ya fizge ƙwallon da abokan karawa suka jefa wa juna ya ratsa fili shi kaɗai.

Saura wasa guda ta cinye duka biyar, abin da ake kira babban shara a wannan gasa. Ran 20 ga watan Maris, a Paris, aka yi ɗaya daga cikin wasannin da suka fi daɗin kallo a wannan zamani. Wels tana gaba, Rees-Zammit ya sake irin tsallen nan nasa a kusurwa. Aka daɗe ana maimaita hoton, daga bisani aka ce ƙwallon ya taɓa layi, aka soke. Duk da haka Wels ta riƙe 30 da 20 har kusan ƙarshe, an ma kori Bafaranshe guda. Sai ƴan Wels biyu suka sami katin gargaɗi suka fita, Faransa ta ci, kuma bayan lokaci ya cika Brice Dulin ya ƙara. 32 da 30. Da an bar wancan cin na kusurwa, da labarin ya sauya. Amma da ba ta taɓa cin wasa ba. Kwana shidda bayan haka Iskotilan ta je Paris ta doke Faransa da 27 da 23, kofi ya faɗo hannun Wels tana zaune a gida.

Sakayya ba ta jima ba. Duk shekara huɗu ƙasashen Ingila, Iskotilan, Ailan da Wels sukan haɗa gwanayensu cikin ƙungiya guda mai suna Lions, wato Zakuna, su tafi yawon karawa a Afirka ta Kudu, ko Ostareliya, ko Niwzilan. A wurin ɗan wasan waɗannan tsibirai babu girmar da ta fi wannan kira. A 2021 an zaɓi mutum 37 zuwa Afirka ta Kudu, goma daga Wels, kuma Rees-Zammit shi ne mafi ƙuruciya a cikinsu. Ya ci a wasansa na farko a Johannesburg, amma Gatland, wanda ke jagorantar Zakunan, bai saka shi a manyan wasanni uku da ƙungiyar ƙasar ba. Masana suna cewa gudu kawai ba ya isa a gaban ƴan Afirka ta Kudu, masu cilla ƙwallo sama su bi shi da ƙarfi. Ana bukatar mai cafke ƙwallo a sama da mai tare ƙato, kuma a nan yaron yana da sauran koyo. Ba su yi ƙarya ba.

Gida ya fara yoyo

Shekara ta 2022 ta zo da faɗi-tashi. Pivac ya ajiye shi a wasan Ingila, Italiya ta zo har Kadif ta ci Wels da 22 da 21. A watan Yuli ya ci Afirka ta Kudu sau biyu a Pretoria, Wels ta kusa kai labari amma aka doke ta da 32 da 29 da bugun ƙarshe; bayan mako guda ta rama da 13 da 12 a Bloemfontein, karon farko ke nan da ta taɓa cin Afirka ta Kudu a ƙasarta. Sai kuma a watan Nuwamba Jojiya, wadda ba ta cikin manya, ta kunyata ta a Kadif da 13 da 12. Aka sallami Pivac, aka maido Gatland.

Matsalar ta wuce ta mai horo. Tun 2003 aka rushe tsohon tsarin ƙungiyoyin garuruwa aka kafa na yankuna, waɗanda suka rage huɗu: Cardiff, Ospreys, Scarlets da Dragons. Dukansu suna dogara ne da kuɗin hukumar ƙasa, kuɗin kuwa ya ja baya bayan annoba. A farkon 2023 ƴan wasa da yawa ba su san ko za a sabunta kwantiraginsu ba, har ƴan ƙungiyar ƙasa suka yi barazanar yajin aiki ana sauran kwanaki wasan Ingila. An sasanta a ƙurarren lokaci, kuma cikin abin da suka samu har da rage dokar wasa 60 zuwa 25. Wasan ya gudana ran 25 ga watan Fabrairu. Rees-Zammit ya fizge ƙwallo ya ci, amma Ingila ta tafi da 20 da 10. Aka kuma rage kasafin kowane yanki zuwa fam miliyon 5,2, daga baya zuwa 4,5. A Ingila ma ba lafiya ba: manyan ƙungiyoyi uku, Worcester, Wasps da London Irish, sun durƙushe saboda bashi tsakanin 2022 da 2023. Saurayi mai shekara 22 da ke kallon wannan duka yana da hujjar tambayar kansa inda sana'ar ta nufa.

Gasar cin kofin duniya ta 2023 a Faransa ta ɗan rufe ɓarakar. Ya ci Fiji a Bordeaux, ya ci Portugal a Nice, Wels ta wulaƙanta Ostareliya da 40 da 6 a Lyon, sa'an nan ran 7 ga watan Oktoba a Nantes ya ci Jojiya sau uku, aka tashi 43 da 19. Ci biyar ke nan a gasar. Bayan mako guda, a Marsey, Ajantina tana gaba da ƴar tazara, aka ba shi ƙwallo a gefen hagu, ya yi tsallen da ya saba. Amma Matías Moroni ya riske shi a sama ya tunkuɗa shi waje. Ajantina ta wuce da 29 da 17. Ba wanda ya san cewa shekara biyu za ta shuɗe kafin a sake ganin sa cikin jar riga.

Amurka

Barin zari-ruga don neman wani wasa ba sabon abu ba ne a Wels. Kafin 1995 doka ta hana a biya ɗan wasa albashi, saboda haka gwanaye da dama suka riƙa tafiya arewacin Ingila inda ake buga wani nau'in zari-ruga na mutum 13 da ake biya. Billy Boston ya bar Kadif zuwa Wigan a 1953, Jonathan Davies ya koma Widnes a 1989 yana kan ganiyarsa. Amma waɗannan sun tafi wasan da ya yi kama da nasu, kuma albashi na jiran su. Rees-Zammit ya bar tabbas ne ya nufi gwaji.

Hukumar NFL, mai kula da ƙwallon Amurkawa, tana da wani shiri tun 2017 na ɗauko ƴan wasan ƙasashen waje ta horar da su. Ya yi mako goma a sansanin Bradenton cikin jihar Florida. A ranar gwaji ya yi gudun yadi 40, wato mita 36 da rabi, cikin daƙiƙa 4,43. Gudu ne mai kyau, amma a can ba abin mamaki ba ne. Kowace shekara jami'o'in Amurka suna fitar da samari masu irinsa, har da waɗanda suka fi. Duk da haka, a ƙarshen watan Maris na 2024 ƙungiyar Kansas City Chiefs, mai riƙe da kofin ƙasar, inda shahararren Patrick Mahomes ke wasa, ta ba shi kwantiragin shekara uku. An kuma sauya dokar bugun fara wasa a shekarar ta yadda aka zaci za ta dace da wanda ya saba gudu da ƙwallo a buɗaɗɗen fili.

Sai dai kwantiragi a can ba kujera ba ne. Kowace ƙungiya takan tara mutum 90 lokacin share fage, ta tace su zuwa 53 kafin a fara gasa. Wasannin biyu kuma, in ban da siffar ƙwallo, ba abin da ya haɗa su. A zari-ruga ɗan wasa yana karanta fili ne ya yanke shawara da kansa, wasa na gudana. A ƙwallon Amurkawa ana tsayawa bayan kowane yunƙuri, kuma kowane taku an riga an rubuta shi cikin wani littafin dabaru mai kauri wanda tilas a haddace. Dole ya koyi gudu da hular kwano da sulke, ya koyi tare ƙaton da ke son kai wa mai jefa ƙwallo hari, ya koyi cafke ƙwallon da aka jefo daga bayansa. Abokan takararsa sun fara wannan tun suna firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshen watan Agusta Kansas City ta sallame shi bayan wasannin share fage. Jacksonville Jaguars ta ɗauke shi, ta sauya masa gurbi zuwa mai cafke ƙwallo, ta ajiye shi a rukunin ƴan taya horo, waɗanda ke motsa jiki da manya duk mako amma ran wasa su tsaya a bakin fili. Haka ya ƙare kakar. Mutumin da ya saba mutum dubu saba'in suna kiran sunansa ya koma mai kwaikwayon abokan karawa domin wasu su gwada dabara a kansa. Ko da wasa guda na gasa bai buga ba.

Tarihi ya riga ya nuna wuyar abin. Christian Wade na Ingila ya bi wannan hanya a 2019, ya ci wa Buffalo Bills a taɓawarsa ta farko a wasan share fage, amma shi ma bai taɓa buga wasan gasa ba. Abin dariya, shi ne Gloucester ta ɗauko a 2024 ya cike gurbin da Rees-Zammit ya bari. Wanda ya yi nasara sosai shi ne Jordan Mailata na Ostareliya, wanda ya ci kofi da Philadelphia Eagles a watan Fabrairu na 2025. To amma Mailata ƙato ne da tsawonsa ya haura mita biyu, irin jikin da ko a Amurka ba a samun sa a kasuwa, kuma ƙungiyarsa ta yi haƙurin shekaru tana koya masa. Mai gudu kuwa ba a yi masa wannan haƙuri, domin akwai wani a bakin ƙofa.

A ƙarshen watan Yuli na 2025, ana tsakiyar sansanin share fage, ya ba da sanarwar cewa zai koma zari-ruga. Wasu sun kira tafiyar ɓata lokaci. Hukuncin ya yi tsauri. Ya tafi yana da ƙuruciyar da zai iya dawowa, ya kuma dawo kafin ƙofa ta rufe. Wanda ya jira sai ya kai shekara talatin ba zai ko sami gwajin ba. Amma hasara ta tabbata, kuma ana iya ƙirga ta: gasar Ƙasashe Shidda biyu, da yawon Zakuna zuwa Ostareliya a 2025, wanda da wuya a ce da ba a kira shi ba.

Abin da ya tarar

Wasan Jojiya na Nantes, wanda ya ci sau uku, shi ne nasarar ƙarshe da Wels ta gani har tsawon wata ashirin da ɗaya. Daga kayen Marsey ta jera wasa 18 ana doke ta. Ta zo ta ƙarshe a gasar Ƙasashe Shidda a 2024 da 2025 ba tare da cin ko wasa guda ba. Gatland ya tafi a watan Fabrairu na 2025, a watan Maris Ingila ta zo Kadif ta zuba mata 68 da 14, a watan Afrilu ƙungiyar Cardiff ta kasa biyan bashi har hukumar ƙasa ta karɓe ta. Zakunan da suka ɗauki ƴan Wels goma a 2021, biyu tak suka ɗauka a 2025. Ba tafiyar mutum guda ce ta jawo wannan ba. Tsofaffin gwanaye irin su Alun Wyn Jones, Justin Tipuric, Dan Biggar, Leigh Halfpenny da George North sun ajiye rigar ƙasa kusan lokaci guda, kuma ɗan gefe, kome gudunsa, ba ya ci in na gaba ba su ƙwato ƙwallo ba. Sai ran 12 ga watan Yuli na 2025 aka karya mugun jerin, da Wels ta ci Japan 31 da 22 a Kobe.

Bai koma Gloucester ba, bai kuma zaɓi ko ɗaya daga yankunan ƙasarsa ba. A watan Agusta ya sa hannu da Bristol Bears, maƙwabciyar Gloucester kuma abokiyar hamayyarta, ƙarƙashin Pat Lam, wanda aka sani da son wasan gudu da ƙwallo a hannu. Daga Bristol zuwa Kadif tafiyar awa guda ce a mota, a ƙetare gadar kogin Severn. Wasanninsa 32 sun haura 25, saboda haka dokar da ƴan'uwansa suka yi barazanar yajin aiki a kanta ita ce ta buɗe masa hanya. Ya ci a wasansa na farko na gasa, da Leicester, a watan Satumba.

Ran 9 ga watan Nuwamba sabon mai horo, Steve Tandy, ya shigo da shi daga benci a wasa da Ajantina, ƙasar da ya yi bankwana a kanta. Aka doke Wels da 52 da 28. Bayan kwana shidda ya ci Japan, kuma Jarrod Evans ya buga bugun laifi na ƙarshe aka tashi 24 da 23, nasarar farko a Kadif bayan fiye da shekara biyu. Ya sake ci a wasa da Niwzilan, wanda aka tashi 52 da 26. Wasa na huɗu, da Afirka ta Kudu ran 29 ga watan, an shirya shi ne bayan wa'adin da doka ta tilasta wa ƙungiyoyi su saki ƴan wasansu, saboda haka duk masu aiki a Ingila da Faransa suka koma wurin iyayen gidansu, har da shi. Afirka ta Kudu ta ci 73, Wels ba ta ci ko ɗaya ba.

Nasarar nan ta maki guda a kan Japan ita ce ta tsare wa Wels matsayinta cikin ƙasashe 12 na gaba lokacin da aka jefa ƙuri'ar gasar kofin duniya a watan Disamba na 2025. Ta faɗa rukuni guda da Ingila, Tonga da Zimbabwe. Za a yi gasar a Ostareliya a 2027, lokacin Rees-Zammit yana da shekara 26.